'Yanci da Kunne

Wata Lahadi da yamma ɗan ƙanena ya zo Garou daga Parakou, ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa. Da na ji, sai na ce masa kasuwar Malanville ce aka ɗauko ran cinta. Ya yi dariya, ya ce in yi haƙuri in saurara har ƙarshe. Na saurara, kuma tun ran nan wata tambaya ta hana ni sakat. Idan aka sakar wa kowa bakinsa, zaman tare yana yiwuwa?

Ga labarin kiɗan. Ran 28 ga Yuni, 1965, wani mabushi Baƙar Fata na Amurka, John Coltrane, jikan fastoci, ya tara makaɗa a jihar New Jersey. Su 11 ne har da shi: masu busa sakzafon 5, masu ƙaho 2, masu babban gogen tsaye 2, mai piyano, da mai ganguna. Ya ba su 'yar gajeriyar karin waƙa ta farawa, sa'an nan ya bar kowa ya busa abin da zuciyarsa ta ba shi, har wajen minti 40. Faifan ya fito a 1966 da suna Ascension, kalmar da ake kiran hawan Ubangijinmu sama da ita a Turanci.

Da na sake ji, sai na lura da abin da ya wuce ni da fari. Sukan busa gaba ɗaya kamar hadari, sa'an nan mabusan su yi shiru, a bar wa mutum ɗaya fili. In ya gama, su sāke haɗuwa, wani kuma ya karɓa. Ba wanda aka hana rabonsa. Ashe akwai doka a ciki, dokar kuwa ita ce sauraro.

Wannan ya tuna mini da laifina. Ikkilisiyarmu ƙarama ce, amma harsunanta da yawa: Dandanci, Hausa, Fulatanci, Faransanci, da na baƙin kudu. Shekarun baya matasa suka fara addu'a da ƙarfi, kowa da harshensa, duka a lokaci ɗaya. Na tsawata musu a gaban jama'a, na ce gidan Allah ba tasha ba ne. Suka yi shiru. Huɗu daga cikinsu ba su ƙara dawowa ba. Na sami tsarin da nake so, na rasa 'ya'ya.

To, a ce da na ƙyale su kurum? Nan ma akwai hasara. Akwai wata gwauruwa tsohuwa a cikinmu, muryarta ba ta wuce tabarmarta. In an yi ta ɗaga murya, wa zai ji roƙonta don ɗanta marar lafiya? Ko a wurin Coltrane an biya wannan kuɗi. Kafin ƙarshen 1965 mai piyanonsa, McCoy Tyner, ya bar ƙungiyar, gama ƙara ta yi yawa har ba ya jin abin da yatsunsa ke kaɗawa. 'Yancin mai babbar murya yakan zama kurkukun mai ƙarama.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana taro biyu masu harsuna da yawa. A Babila, cikin Farawa sura 11, kowa yana magana, ba mai fahimtar ɗan'uwansa, aiki ya watse. A ranar Fentikos, cikin Ayyukan Manzanni sura 2, harsuna sun yi yawa har waɗansu suka zaci maye ne, amma kowane baƙo ya ji da harshen garinsu. Wanda ya tsaya daga nesa zai ce hayaniya ɗaya ce. Bambancin yana wurin ji. Manzo Bulus ma ya taɓo wannan a 1 Korantiyawa sura 14. Ya umarta a yi bi da bi, domin kowa ya ƙaru.

Saboda haka ina ganin 'yanci bashi ne. Wanda aka ba shi baki, ana bin sa kunne. Shugaba kuma aikinsa ya buɗe fili, ya tsare rabon marar ƙarfi, kamar mai rabon ruwa a gonakin shinkafa na bakin Kwara, wanda yake lura kada na kusa da famfo ya shanye na ƙarshen layi.

Yanzu a wurinmu mukan ɗaga murya tare na ɗan lokaci, sa'an nan mu yi tsit, tsohuwar nan ta fara. Biyu cikin matasan sun komo bayan na je gidajensu na roƙi gafara. Biyu har yau ina jiransu.

Kai fa, ɗan'uwa, a gidanka da ikkilisiyarka, muryar wa ƙarar taka ta binne? Allah ya ba mu kunnen ji. Amin.