Idan Wasa Ya Zama Aiki, Janyewa Cin Amana Ne?

A ƙasar Dukku ta ƙaramar hukumar Rijau, kamar sauran garuruwan masarautar Kontagora, wasa yana da lokacinsa tun kaka da kakanni. Idan an kawar da amfanin gona, rani ya kankama, akan ga magidanta a gindin itace sun tona gurabu a ƙasa suna dara, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Maƙwabta Dakarkarin ƙasar Zuru ma sun yi suna a wannan wasa. Abin lura a dara shi ne yadda ake tashi daga gare ta. Da zarar an aiko daga gida, mutum zai karkaɗe rigarsa ya miƙe, wani ya zauna a gurbinsa, wasa ya ci gaba. Ba a taɓa jin an zargi mai dara da cin amana domin ya tashi ya tafi ba.

A yau wani sashe na wasan matasa ya koma cikin wayar hannu, tashi daga gare shi kuwa ya zama da wuya. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 19 wanda ya shiga wata ƙungiyar wasa ta intanet domin nishaɗi bayan makaranta. Ya ƙware, har aka naɗa shi shugaba. Yanzu shi ke tsara waɗanda za su fafata da dare, shi ke sasanta masu gardama a zauren WhatsApp na ƙungiyar, shi ke korar wanda ya kwana biyu bai leƙo ba. Daɗin wasan ya fita daga ransa, amma duk lokacin da ya yi niyyar janyewa sai zuciyarsa ta tuna masa cewa mutum 40 sun dogara gare shi. Tambayar da ke gabansa, da gaban iyayensa, ita ce: in ya janye, ya ci amanar abokansa ke nan?

Yadda wasa yake rikiɗa

Da yawa cikin waɗannan wasanni an ƙera su ne domin su riƙe mutum. Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, yana tara 'yan wasa cikin ƙungiyoyi masu ɗaukar mutum har 50. Idan ƙungiya ta shiga yaƙi da wata, akwai kwana guda na shiri da kwana guda na kai hari, kuma wanda bai kai harinsa cikin wa'adin ba ya jawo wa kowa asara. Waɗansu wasannin suna ba da lada ga wanda ya leƙa kowace rana, ladan yana ƙaruwa muddin bai tsallake rana ba. In ya tsallake, sai ya koma farko. Ta haka agogon wasa yake shiga tsakanin mutum da barcinsa.

Misalin da iyalai da yawa a Arewa za su tuna shi ne na shekarar 2024. A watan Maris na wannan shekara wasan Hamster Kombat ya fito a manhajar Telegram, da alkawarin cewa makin da mutum ya tara ta danna fuskar waya zai zama kuɗin kirifto. Samari da 'yan mata, har da magidanta, suka duƙufa ga abin da aka riƙa kira mainin. Akwai katunan da ake nema kowace rana, akwai kalmar sirri ta kowace rana, akwai gayyato abokai, kuma ribar da ke taruwa takan tsaya bayan awa 3 sai mutum ya sake leƙawa. Masu wasan sun yi iƙirarin tara mutum miliyan 300 a duniya. Da aka raba kuɗin ranar 26 ga Satumba, 2024, mutane da yawa suka tarar da ladan watanni bai wuce 'yan daloli kaɗan ba, kafin shekarar ta ƙare kuwa yawancinsu sun watse. Wanda ya lissafa kuɗin data da na caji da barcin da ya rasa ya ga dara ta ci gida.

Mene ne wasa?

Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya rubuta littafi a kan wasa a 1938 mai suna Homo Ludens. Alama ta farko da ya ba wasa ita ce mutum yana yin sa ne da son ransa, kuma yana da iyaka ta wuri da ta lokaci. A ganinsa, wasan da aka yi bisa umarni ya riga ya zama wani abu daban. Dattijon da ke dara a gindin itace bai karanta wannan littafi ba, amma rayuwarsa tana shaida hakan.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wani ɓangare na batun. A 1973, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun buga sakamakon binciken da aka yi a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓi yara masu son zane, suka yi wa waɗansunsu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, waɗansu kuwa ba a yi musu alkawarin kome ba. Bayan 'yan kwanaki, da aka sake ajiye kayan zanen ba tare da lada ba, yaran da aka yi wa alkawari suka rage sha'awar zanen fiye da sauran. Ladan da aka sa rai a kansa ya ci sha'awar da ke akwai tun farko. Abin da ke samun saurayin da ya fara wasa domin daɗi, ya ƙare yana yi domin maki da matsayi, ke nan.

Manoman wannan yanki sun san akasin haka, wato gayya. A gayya ana ɗaukar aiki mai wuya a yi masa ado da kiɗa da kirari da gasa tsakanin samari, har noman ya yi sauƙi. Amma kowa ya san aiki yake yi, ya san gonar wa ake nomewa, ya kuma san in rana ta yi sanyi za a ci abinci a watse. Wasan da ya rikiɗa ya zama aiki ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Mai yin sa yana zaton hutawa yake yi, bai san wanda ke girbin lokacinsa ba, kuma ba a sa ranar tashi ba.

Hujjar masu cewa cin amana ne

Bai kamata a raina damuwar wannan saurayi ba, gama tana fitowa daga hali nagari. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Waɗanda ke cikin ƙungiyar mutane ne na gaske, ko da bai taɓa ganin fuskokinsu ba. Wani a cikinsu ɗalibi ne a Minna, wani yana sayar da kaya a Legas, wani kuma ba shi da abokin hira sai waɗannan. Sun ba shi shugabanci domin sun amince da shi. In ya ɓace dare ɗaya ba sallama, ana tsakiyar gasa, lalle ya cuce su. Akwai kuma tsoron kada yaro ya saba da gudu duk lokacin da abu ya yi nauyi, gama wanda ya saba ajiye kaya a tsakiyar hanya zai yi haka a makaranta, da wurin aiki, har da cikin aure.

Waɗannan hujjoji suna da ƙarfi, amma abin da suke hukuntawa shi ne yadda aka janye. Ba su kai ga hana janyewar ba. Alkawarin da ya ɗauka na yin wasa tare ne, kuma alkawarin wasa ba shi da nauyin alkawarin aure ko na riƙon maraya. An ƙulla shi bisa fahimtar cewa abin yana faranta wa kowa rai. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Akwai kuma batun jerin haƙƙoƙi. Yini awa 24 ne ga kowa. Awa 4 da aka ba ƙungiyar wasa an ciro su ne daga wani wuri: daga barci, ko karatun jarrabawa, ko taimakon uba a gona, ko zaman iyali da yamma. Saurayin da ke tsoron cin amanar abokan waya yana iya kasancewa ya daɗe yana tauye haƙƙin uwar da ke kiransa sau uku kafin ya ɗaga kai. Mutum 40 suna iya samun wani shugaba cikin mako guda, amma ƙanensa ba shi da wani wa sai shi.

Wani abin da ke riƙe mutum shi ne tunanin cewa ya riga ya zuba shekara biyu da kuɗi masu yawa, don haka tashi asara ce. Shekarun da suka wuce ba za su dawo ba, ko ya zauna ko ya tashi. Abin da ke hannunsa shi ne shekarar da ke zuwa.

Ya dace a ambaci iyakar batun. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya matsalar kamuwa da wasannin kwamfuta da waya cikin jerin cututtukanta, jerin ya fara aiki a 2022. Alamun da ta bayyana su ne kasa sarrafa wasan, da fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da yi duk da cutarwar da ake gani, yawanci na tsawon wata 12 ko fiye. Hukumar ta nuna cewa kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa nan. Saboda haka ba kowane yaro mai riƙe da waya ne majinyaci ba, kuma wasa a kan kansa ba laifi ba ne. Amma wanda ya ga waɗannan alamu a gidansa ya nemi shawarar likita.

Yadda ake tashi da mutunci

Wanda ya ƙudurta janyewa yana da bashi uku a kansa. Na farko shi ne gaskiya: ya faɗa wa abokansa a fili cewa wasan ya yi masa nauyi, kada ya ƙirƙiro ciwo ko lalacewar waya. Na biyu shi ne wa'adi: ya kammala gasar da aka riga aka shiga, ya sa ranar sauka, ya koya wa wanda zai gaje shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai kuɗin ƙungiya ko lambobin sirri a hannunsa, ya miƙa su a gaban kowa. Na uku shi ne zumunci: ya riƙe waɗanda suka zama abokansa na gaske, ya gaishe su, ya tambayi lafiyar gidajensu. A nan zai gane wanda yake son sa domin kansa da wanda yake son makin da yake kawowa. Ba lalle ne ya bar wasan gaba ɗaya ba. Wani saukar da rawanin shugabanci kaɗai ya ishe shi, ya koma yin wasa jefi-jefi kamar yadda ya fara.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Ƙwace waya cikin fushi yakan mai da yaro maƙaryaci, kuma yakan kunyata shi a gaban waɗanda suka dogara gare shi. Ya fi kyau uba ya zauna ya tambayi ɗansa ko har yanzu wasan yana yi masa daɗi, da abin da zai faru in ya kwana uku bai taɓa shi ba. Amsar tambaya ta biyu ita ce ma'auni. In yaron ya ce ba abin da zai faru, to wasa yake yi. In kuwa ya fara lissafa waɗanda za su yi fushi da abin da zai rasa, to ya samu ubangida bai sani ba, yana kuma bukatar a taimake shi ya yi sallama cikin ladabi.

Saurayin da ya yi haka bai ci amanar kowa ba. Ya sauke nauyin da ke kansa, ya bar gurbinsa ga wani, kamar yadda kakansa yake yi a gindin itace in an aiko daga gida.