Wanda Ya San Hanyar Ofis

An yi wani sabon ɗan majalisar wakilai a Amurka da ya shiga ofis a Washinton da alwashin sauƙaƙa wa talaka tsadar kaya. Bai jima ba ya ci karo da dokar sukari. Tun 1934, in ban da ɗan hutu a shekarun 1970, gwamnati take ƙayyade sukarin da za a shigo da shi daga waje, daga baya kuma ta riƙa ba masana'antun cikin gida bashi bisa farashin da ta yanke don kada ya faɗi. Shi ya sa sau da yawa Ba'amurke yake sayen sukari kusan ninki biyu na farashin kasuwar duniya.

Ya kira sakatariyarsa, wata tsohuwa, ya ce, "Wannan ai ba wuya. Mutum fiye da miliyan 300 ke biya, manoma 'yan dubbai ke ci. Wa zai tsaya wa irin wannan doka?"

Ta ce, "Yallaɓai, bari in buɗe littafi. Duk wanda ya zo kan maganar sukari zan rubuta shi."

Kafin wata uku littafin ya cika da masu kamun ƙafa: wakilan manoman rake na Filorida da Luwiziyana, da na manoman Minesota da Dakota ta Arewa masu noma wata saiwa da ake tatsar sukari daga cikinta. Sun san dokar sala-sala, suna zuwa da takardu a shirye, ba sa ɗaga murya, kuma gudummawar yaƙin zaɓensu tana zuwa ga manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Manyan masu rake na Filorida, 'yan gidan Fanjul, sun ma raba aikin: Alfonso yana tare da Dimokurat, ƙanensa Pepe yana tare da Rifablikan. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, an san abin da ke jiransa.

Kamfanonin alewa ma sun leƙo, amma su sukari ɗaya ne cikin buƙatunsu da yawa. Daga masu saye kuwa wasiƙa ɗaya ce tak, daga wata mata a garin Holland na jihar Mishigan, inda aka rufe masana'antar alewar Life Savers a 2003 aka mayar da aikin Kanada, wajen da sukari ya fi araha, mutum kusan 600 suka rasa abin yi.

"Ina sauran miliyoyin?"

"Suna wajen nemansu, yallaɓai. Abin da dokar ke ci wa magidanci a shekara bai kai kuɗin jirgi zuwa Washinton ba, kuma a ɓoye yake cikin kuɗin biskit da burodi. Ko ya gane, zai ce wani ya je, tunda in an yi nasara da shi za a ci. Su kuwa manoman nan, gonarsu da bashinsu da gadon 'ya'yansu ne a kai." Ta miƙa masa littafin masanin tattalin arziki Mancur Olson na 1965, wanda ya bayyana yadda ƙaramar ƙungiya mai babban rabo take rinjayar taron da asararsa ta warwatsu.

Bai karaya ba. A watan Mayun 2018 'yar majalisa Virginia Foxx ta kawo gyaran da zai sassauta dokar, ya jefa ƙuri'ar goyon baya. Aka ƙirga: 137 sun yarda, 278 sun ƙi.

Da ya koma mazaɓarsa ya tara jama'a ya ba su labarin yadda ya tsaya musu. Aka yi shiru. Can wani dattijo ya ɗaga hannu ya tambaye shi yaushe za a gyara gadar garin.

Ranar Litinin sakatariya ta leƙo. "Yallaɓai, mutumin manoman rake yana waje. Ya ce ba komai, bai riƙe ka ba. Dokar noma, wadda dokar sukari ke cikinta, duk bayan kamar shekara biyar ake sabunta ta, yana so ku fara tattaunawa tun yanzu."