Gatarin Garkuwa

Ranar da Yaya zai tafi bautar ƙasa jihar Ekiti, har an ɗora kayansa a adaidaita sahu sai ya dawo ɗaki da sauri, ya miƙa wa Auta kwamfutarsa ta cinya.

"Ga ta nan, saboda JAMB na bar maka, tunda yanzu a kwamfuta ake rubutawa. Na zuba maka tambayoyin shekarun baya. In ka gaji da karatu akwai wasa a ciki, ka buɗe gwarzonka ka yi. Amma gwarzona Barde, ko da wasa kar ka taɓa min shi."

"To, Yaya. Allah ya tsare hanya."

Wasan shi ne Diablo II, wanda kamfanin Blizzard North na Kalifoniya a Amurka ya ƙera, aka fitar da shi a shekarar 2000, aka ƙara masa babi na biyar a 2001. Tsohon wasa ne, shi ya sa ko kwamfutar da ta sha jiki tana ɗaukarsa. Mutum yakan zaɓi gwarzo, ya fara da ɗan makami da ba ya yanka ko kabewa, ya yi ta yaƙi da dodanni yana tsintar abin da suka yar: takobi, sulke, kwalkwali, zobe, zinariya. Jakar da gwarzo ke ɗauka gurbi arba'in ce, goma a kwance huɗu a tsaye, kuma kowane kaya da girmansa. Zobe gurbi ɗaya yake ci, sulke shida. Rabin wasan ma shawara ce: me zan riƙe, me zan bari a ƙasa.

Auta ya buɗe nasa gwarzon, ya gama babin farko ba wahala. A babi na biyu ya isa Lut Gholein, birnin da ke bakin hamada, ya tattara gutsattsarin sandar da ake buɗe kabarin Tal Rasha da ita, ya faɗa ɗakin Duriel. Nan tafiya ta tsaya. Ɗakin ƙarami ne, dodon kuma yana baza wani sanyi da ke daskarar da ƙafa, kafin ka juya ya cim maka. Auta ya mutu ya sake mutuwa har ya daina ƙirgawa. Duk lokacin da ya koma shafin zaɓen gwarzo kuwa, ga Barde nan a sama da nasa, ƙato mai mataki 78, wanda ya riga ya shiga zagaye na uku, mafi tsanani a wasan.

Wata Asabar abokansa biyu suka zo. Ɗayansu ya nuna allo ya ce, "Wannan fa?" Auta bai so ya ce an hana shi ba. Ya danna.

Minti kaɗan suka yi suna ihu, Barde yana sheme dodanni. Sai dai hannun da ke riƙe da linzamin kwamfutar ba na mai shi ba ne. Suka kutsa inda bai kamata ba, aka yi musu rubdugu, Barde ya faɗi. Suka koma ɗauko gawarsa, ya sake faɗuwa. A zagaye na uku mutuwa tana da tara: zinariya na raguwa, gogewar da aka tara domin hawa mataki na gaba ita ma ana zabge ta. Da baƙi suka tafi, Auta ya duba ya ga aljihun Barde ya rame sosai.

A daren ya shiga intanet neman mafita, ya kuma samu. Duk abin da gwarzo ya mallaka yana cikin wani ɗan fayil mai ƙarewa da .d2s, wanda nauyinsa bai kai na hoto ɗaya a waya ba, kuma akwai manhajoji kyauta da ke buɗe shi su baje maka jakar gurbi-gurbi. Ya sauke ɗaya. Ya rubuta adadin zinariya kamar yadda yake tunawa, ya adana, ya buɗe wasa. Ga kuɗi sun dawo.

Da a nan ya tsaya, da labarin bai kai a ba da shi ba. Amma manhajar tana da wani maɓalli na shigo da kaya daga waje, mutane kuma sun zuba irin waɗannan kaya a intanet, har da sulken da ɗan wasa kan shekara yana nema bai samu ba. Auta ya ce a ransa ai alheri zai yi wa Yaya. Ya ɗauko sulken, sai manhaja ta ce babu wuri. Jakar Barde cike take da layu, domin a wannan wasa laya ba ta aiki sai tana cikin jaka. Ga akwatin Horadric mai gurbi huɗu, ga littattafai biyu. A kusurwar dama kuma ga wani tsohon gatari ya tare gurbi shida cif, daidai girman sulke. Auta ya ɗora linzami a kansa. Ƙarfinsa bai kai rabin na makamin da ke hannun Barde ba, sai wani suna da ke manne a jikinsa: Garkuwa. Ya ɗauka mantuwa ce ta sa Yaya bai sayar da shi ba. Ya goge shi, ya dasa sulke, ya adana a kan fayil ɗin. Bai ajiye kwafi ba, tunanin hakan ma bai zo masa ba.

Bayan kwana biyu ya ga wani bidiyo da ke nuna yadda ake buɗe fayil ɗin tsirararsa, lambobi zalla, a kai gwarzo mataki 99, wanda shi ne ƙarshe. Ya bi umarni, ya sami gurbin, ya rubuta 63 a kan abin da ke wurin ba tare da ya duba mene ne ba. Da ya koma wasa ya danna Barde, sai aka ƙi shigar da shi. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Haka dai.

Washegari da sassafe ya rungumi kwamfutar ya nufi titin Beirut, shagon ƙanin Umma mai gyaran kwamfuta.

Kawu ya saurare shi har ya gama, yana shan shayi. Abin da ya fara yi shi ne kwafe fayil ɗin a filashi, ya kuma kwafe a wani wurin, sannan ya buɗe.

"Matso ka gani. Waɗannan na farko, 55 AA 55 AA, su ne sallamar fayil ɗin, da su wasa ke gane nasa ne. Nan kuma girmansa aka rubuta. Waɗannan huɗun da ke biye su suka kama ka. Ka san yadda ɗan kasuwa ke rubuta jimilla a ƙasan shafi? In wani ya zo ya canza lamba ɗaya a tsakiya, jimilla za ta tona shi. Wasa yana lissafa duk abin da ke cikin fayil ya gwada da wannan. Manhajar da ka fara amfani da ita tana gyara jimillar da kanta, kai kuwa da hannu ka shiga. Matakinsa nawa ne da?"

"Saba'in da takwas, Kawu."

"A lissafin nan goma sha shida-sha shida ake ƙirgawa. Huɗu sau sha shida, sittin da huɗu, a ƙara sha huɗu, wato E." Ya goge 63 ya rubuta 4E. Ya buɗe wasa, ya danna, sai ga Barde tsaye a gari.

Auta ya sauke numfashi, har ya fara godiya. Kawu bai kula shi ba, jakar ya buɗe. Ya daɗe yana kallon kusurwar dama.

"Ina gatarin?"

"Wani tsoho ne, Kawu, ba ya da wani amfani, shi ne na..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kawu ya ture kofin shayi gefe. "Garin gyaran gira ka tsokane ido, yaro. Ka tuna abokin yayanka mai gilashi, wanda suke ɗaki ɗaya a Jami'ar Bayero?"

Auta ya tuna shi sarai. Yakan zo gida ranar Juma'a, ya ci tuwon Umma, ya tambaye shi makaranta. Ya rasu suna shekarar ƙarshe, bayan gajeriyar rashin lafiya.

"Garkuwa sunan gwarzonsa ne. Ni na haɗa musu wayar da suke jona kwamfutocinsu su yi wasa tare. A babi na biyar akwai wata yarinya, Anya. In ka kashe mata maƙiyinta Nihlathak, ladanka shi ne ta rubuta sunanka a jikin kaya ɗaya. Sau ɗaya ake samu a kowane zagaye. Shi da ya samu nasa na farko bai sa a takobinsa ba, gatari ya sa wa, ya ba yayanka. A shagon nan suka ba ni labari suna dariya."

Auta ya ji ƙafafunsa sun yi sanyi. Ya roƙi Kawu ya dawo da shi. Kawu ya gwada abin da zai iya, amma an adana sabo a kan tsoho sau da yawa, babu abin da ya saura. Ya nuna masa inda jerin kaya ke farawa da haruffa biyu, JM, kowane kaya kuma da nasa JM ɗin. Na gatarin babu shi.

"To a ƙera wani mana, Kawu. Manhajar tana iya sa suna."

"Tana iyawa. Akwai wata lamba da wasa ke ba irin wannan kaya ranar da ya faɗo, ita ce ba za ta zo ɗaya ba, amma ba a ganinta a allo. Yayanka ba zai taɓa ganewa ba." Ya rufe kwamfutar ya miƙa masa. "Ni dai hannuna ba zai yi ba. Manhaja tana wurinka, lambar yayanka ma tana wurinka."

Ni a ganina gyara fayil ɗin wasa ba laifi ba ne a karan kansa. Mutum da kwamfutarsa da gwarzonsa, in ya ga dama ya cika jaka da zinariya, babu wanda ya cuta. Masu ƙera wasan ma sun san ana yi, shi ya sa a dandalinsu na Battle.net suka raba gida biyu: a rufaffen, fayil yana hannun kamfani ba mai taɓawa, a buɗaɗɗen kuwa kowa da nasa yake zuwa, kayan bogi suka cika wurin. Kawu kansa da irin wannan tone-tone ya koyi rabin sana'arsa. Na Auta daban ne, domin fayil ɗin ajiya aka ba shi, an kuma ja masa kunne.

A daren ya ƙera gatarin. Ya cire sulke, ya zaɓi irin gatarin, ya daidaita lambobin yadda yake tunawa, ya rubuta Garkuwa. Ya zauna daram a gurbinsa shida kamar bai taɓa motsawa ba.

Ranar Juma'a Yaya ya kira. Bayan ya gaisa da Umma aka ba Auta. Ya tambayi karatu, ya ba shi labarin makarantar da aka tura shi koyarwa da yadda yake fama da sakwara. Can ya ce, "Barde na nan lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Madalla. Jiya na yi mafarkin mutumina. Ka sa shi a addu'a."

Auta ya kasa cin abincin dare. Umma ta taɓa goshinsa ta ce ko zazzaɓi ne, ya ce a'a. Ya buɗe tambayoyin JAMB, ya karanta ɗaya sau uku bai fahimta ba. Bayan sallar asuba ya ari wayar Umma ya fita zaure, ya faɗi komai tun daga zuwan abokansa har gatarin da ya ƙera, da ƙaryar da ya yi jiya. Yaya bai katse shi ba. Da ya gama, shiru ya yi tsawo, sannan Yaya ya ce, "Na ji," ya kashe waya. Mako biyu yana kiran Umma bai ce a ba Auta ba.

Da hutun Babbar Sallah ya zo gida. Sai da aka gama hidimar nama, daren rana ta biyu, ya ce Auta ya kawo kwamfuta. Ya buɗe jakar Barde ya ɗora linzami a kan gatarin, ya karanta lambobin a hankali.

"Ka yi ƙoƙari. Wallahi da ba ka faɗa ba, da na ci gaba da kallon wannan ina cewa hannunsa ya taɓa shi." Ya tura masa linzamin. "Cire shi. Zinariyar da ka ƙara ma cire ta, a bar abin da mutuwarka ta rage."

Auta ya fara kwafe fayil ɗin a filashi kamar yadda ya ga Kawu ya yi, sannan ya goge. Hannunsa na rawa.

"Yaya, ka yafe min."

"Na yafe tun ranar da ka kira, haushi ne bai sauka ba." Ya karɓi kwamfutar, ya buɗe wa Auta asusu daban, ya sa wa nasa kalmar sirri a gabansa, bai kuma faɗa masa ita ba. Auta bai ce komai ba.

Suka zauna jim. Sai Auta ya tambaya, a hankali, yadda aka yi abokin ya zaɓi gatari. Yaya ya yi ɗan murmushi ya fara ba da labari: yadda suke wasa a ɗakin kwana har batir ya mutu in an ɗauke wuta, yadda marigayin ya fi shi haƙurin tsintar kaya, yadda ya ce tunda Barde ba ya riƙe garkuwa to ga Garkuwa a jaka. Tun rasuwar ba a taɓa jin ya yi maganarsa haka a gidan ba. Umma ta leƙo daga tsakar gida ta koma ba ta ce uffan ba.

"Rabona da gidansu tun sadakar arba'in," in ji Yaya. "Kullum sai in ce gobe. Ka ce wa Umma ta ware cinya ɗaya a soyayyen naman nan. Gobe bayan la'asar ka shirya, tare za mu je Gwammaja mu gaishe da mahaifiyarsa."

"To, Yaya. In ɗauko kwanon samira ko leda?"

"Samira. Kai za ka riƙe."