Ɗana, Ka Leƙa Cikin Bututun

Ɗana, zauna mu yi magana. Ba faɗa na zo yi maka ba, gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Hannunka ya faɗa, wannan ba a musu. Tun kana riƙe mini ƙarfe ina ɗigawa na san za ka yi nisa, ga shi yau kai ne da shagonka, da injin waldar agon naka na kanka, samari masu wasan mota suna sintiri a ƙofarka. Na ga manifol ɗin da ka haɗa wa BMW ɗin nan mai silinda shida da za a ɗora wa turbo. Daga waje gwanin sha'awa: layin walda ya kwanta daidai, launi ya fito ruwan zinare da shuɗi-shuɗi, ka ɗauki hoto ka sa a TikTok ana ta yabo. Amma da na ɗaga shi na haska tocila ta bakin bututu, raina bai yi daɗi ba. Bayan kowace gaɓa, daga ciki, ƙarfen ya ƙone ya yi baƙi, ya yi ƙurji-ƙurji kamar ƙanzon tukunya. Ka yi walda ba ka cika cikin da agon ba. Ka san haka, ni ma na sani, mai motar ne kaɗai bai sani ba. A nan maganata take.

Ka tuna inda wannan ƙarfe zai zauna. Ba ƙofar gida ba ce, ba kuma makarin bene ba. Hayaƙin injin fetur mai turbo, idan an taka wuta, yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyos, har manifol ya yi ja jawur ka gan shi da idonka cikin dare. A ƙarshensa ga turbo a rataye da nauyinsa, fankar cikinsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda. Wannan ƙurjin da ka bari ba zai zauna lafiya ba. Yanzu zafi, an jima sanyi, ga girgizar inji, ga ramukan titi. Wata rana ɓarɓashi zai ɓalle, hayaƙi ya kwashe shi ya maka wa fanka, kuma a wannan gudu ɗan ƙanƙanin abu ya isa ya gutsure fiffike. Ko bai ɓalle ba, daga nan tsagewa ke farawa, ta ci daga ciki zuwa waje, sai ranar da aka ji mota tana huci a ƙarƙashin bonet.

Sitenles ba sihiri ba ne. Tun 1913 da Harry Brearley ya haɗa shi a birnin Shefil na Ingila, lokacin yana neman ƙarfen da zai jure a bututun bindiga, sirrin ɗaya ne: kuromiyom. Idan ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, sai ya haɗu da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa. Amma idan iska ta sami ƙarfen yana narke, kuromiyom ɗin ƙonewa yake yi ya bar wurin tsirara. Tocinka yana zuba agon ta sama, ya kare fuskar waje. Ta ciki fa, wa ka bar wa tsaronta?

Maganin ba ɓoyayye ba ne, ka sha ganinsa a hannuna. Ka toshe duk bakunan manifol da takardar alminiyom, ka sako siririn tiyo daga wani geji daban. Agon ya fi iska nauyi, don haka ta ƙasa za ka shigar da shi, ka huda ɗan rami can sama inda iskar da ya koro za ta fita. Ka ba shi lokaci ya cika, kada ka kunna wuta da zarar ka buɗe. Kada kuma ka buɗe shi da ƙarfi, matsin zai turo narkakken ƙarfen waje ya hana gaɓar rufewa. In ka kashe wuta, kada ka fizge tocin. Bar shi a wurin, agon na zuba, har jan ya dushe. Ka yi haka ka haska tocila, za ka ga ciki sumul yana ƙyalli. Na san abin da za ka ce: tukunyar agon ta yi tsada, cikawar ma sai an sha wuya. Gaskiya ne. To ka sa kuɗinsa cikin kuɗin aiki, ka faɗa wa mai mota dalili. Wanda ya iya sayen turbo ba zai gaza kuɗin agon ba, in dai an yi masa bayani.

Sai bututun kansa. Ragowar da na gani a ƙarƙashin teburinka irin wanda kake yi wa mutane makarin bene da shi ne, mai lamba 201, ga shi ba kauri. An rage masa nikel an cike gurbin da manganis don ya yi sauƙin kuɗi. A baranda yana da kyau, a bakin inji ba zai kai ko'ina ba. Araha ba ta ado. Kada ka dogara da maganaɗisu wajen gwaji, domin yadda ba ya kama 304 haka ba ya kama 201. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Panteka, ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne 304, mai kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. In an samu kuma mai mota na da hali, 321 ya fi, domin an zuba masa titaniyom da ke riƙe kabon, ya hana shi cinye kuromiyom idan ƙarfe ya daɗe cikin zafi. Kauri ya kusanci milimita 3. Gwiwoyin nan masu nauyi da ake haɗa bututun masana'antu da su, su ne na wannan aiki. Wayar ciko ma kowace da wurinta: 308L ga 304, 347 ga 321, in kuwa za ka haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, sai 309L.

Garaje ba ƙarfi ba ne, ɗana. Sitenles ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, abin da yake kwashewa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nasa ba, sai zafin ya taru wuri guda. Shi ya sa launi ke ba ka labari: ruwan zinare, lafiya lau, shuɗi, an fara matsa masa, toka-toka, an dafa ƙarfen. Gaɓoɓin da ka ɗauka a hoto masu kyau ne daga waje. Na can wajen mahaɗa, inda bututai shida suka taru hannu ba ya shiga sosai, sun yi toka, don ka bi su a jere ba ka bar su sun huce ba. Ka fiƙe bakin kowane bututu, ka haɗa su baki da baki ba giɓi, ka ɗiɗɗiga, ka yi zagayen farko ya ratsa har ciki, ka jira ya huce, sannan ka rufe da na biyu. Kafin wuta kuwa tsabta: a goge da asiton, buroshin waya da faifan gurza na sitenles su zauna daban. Duk wanda ya taɓa baƙin ƙarfe zai shuka maka tsatsa a jikin aiki.

Na aza rula a kan filanjin da zai kama kan inji, haske na wucewa ta tsakiya. Ka walde shi a sake a kan tebur, zafi ya ja shi ya lanƙwashe. Injin da silindarsa shida ke jere filanjinsa dogo ne, ya fi kowanne saurin baudewa, kuma babu gasket ɗin da zai cike wannan giɓi. Ka yi shi da faranti mai kauri, wajen milimita 12. Ka ɗaure shi tamau da noti a jikin tsohon top silinda ko ƙaton ƙarfe kafin ka sa wuta, ka riƙa yi nan kaɗan can kaɗan, kada ka kwance sai ya yi sanyi ƙalau. Daga nan ka kai a share masa fuska a inji. Ka kuma tuna sitenles ya fi baƙin ƙarfe miƙewa da kusan rabi. Bututu mai tsawon rabin mita, in ya ɗauki zafin digiri 800, zai ƙaru da kusan milimita 7, alhali kan injin da yake ɗaure a jiki ruwa na sanyaya shi, ba ya ko kusantar wannan zafi. Ɗaya na son tafiya, ɗaya na tsaye. In ba ka ba su hanya ba, walda ce za ta biya. Saboda haka ake tsaga filanji tsakanin ramuka, a faɗaɗa ramukan noti na gefe-gefe, a kuma yi wa turbo matokari daga jikin inji wanda zai ɗauki nauyi ba tare da ya hana motsi ba. In ka gama, ka toshe bakuna ka hura iska, ka bi kowace gaɓa da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, aiki bai ƙare ba.

Lafiyarka ma amana ce, da ta yaran da iyayensu suka danƙa maka. Hayaƙin waldar sitenles yana ɗauke da wani nau'in kuromiyom da aka tabbatar yana jawo ciwon dajin huhu, kuma madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Ka buɗe ƙofa da taga, ka sa takunkumi na gaske, ka kau da kanka daga kan hayaƙin. Kada ka wanke ƙarfe da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin sannan ka sa wuta, guba yake zama mai kisa. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe kuma ka ba shi gilashi da riga mai dogon hannu; juya fuska ba kariya ba ce.

To me za a yi da wannan da ka riga ka haɗa? Kada ka ba da shi. Na san ka karɓi kuɗin kafin alƙalami, ka kuma ce masa ya zo gobe. Ka kira shi yau, ka ce aikin bai kai yadda kake so ba, kana neman ƙarin kwanaki. Zai yi ƙorafi, ƙila ya ɗaga murya. Wannan ya fi sauƙi a kan ranar da manifol zai tsage a kan hanya, hayaƙi mai wuta ya riƙa dukan tiyon mai da wayoyi, ga mutane a cikin mota. Shi ba zai taɓa haska tocila ya leƙa ba, bai ma san ana leƙawa ba. Ya yarda da kai ne, kuma duk abin da mai kaya ba zai iya dubawa ba, nauyinsa a wuyan mai sana'a yake. Kuɗin da aka ci a kan aikin da aka ɓoye aibinsa ba ya albarka, ko da an yi shekara ba a gane ba. Masu yabo a waya ba su za su biya turbo ba in ya mutu, ba kuma su za a nema ba. Sunanka za a kira, daga nan a tambayi wanda ya koya maka.

Asarar bututu da agon da za ka yi a wannan karon kuɗin makaranta ne, ka ɗauke ta da haƙuri. Ka sayo 304 mai kauri, ka cika tukunya, ka turo yaro ya kira ni. Akwai tsohon top silinda a bayan shagona da za mu ɗaure filanji a kai, ni zan riƙe maka tiyo, kai ka riƙe toci. Allah ya sa wa hannunka albarka, ya ciyar da kai da halal, ya kare ka da yaranka daga sharrin ƙarfe da wuta.