Wane Ne Ɗan Ƙasa?

Kalmar "ɗan ƙasa" tana ɗauke da ma'ana biyu da ba sa jituwa. A idon duniya, 'yan asalin ƙasa su ne al'ummomin da baƙi suka mamaye suka mayar saniyar ware, kamar Indiyawan daji na Amurka. Domin su Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙoƙinsu a 2007, Nijeriya kuwa ta ƙaurace wa ƙuri'ar. A cikin gida kalmar ta koma takarda: wadda ake karɓa a sakatariyar ƙaramar hukuma, jama'a na ce mata indijin, kuma sai da ita ake samun gurbin karatu ko aikin gwamnati.

Tsarin mulkin 1999 ne ya ɗaure wa wannan gindi. Sashe na 147 ya ce a ɗauki minista ɗan asalin kowace jiha, alhali sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali. Masana zamantakewa sun daɗe a kan wannan tufka da warwara. Mahmood Mamdani na Yuganda, a littafinsa na 1996, ya danganta ta da mulkin mallaka, wanda ya raba talakawa ƙabila-ƙabila, kowace da hukumar gargajiyarta. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2005, ya bi ta hanyar tarihi. Bincikensa kan ƙasar Katsina ya nuna ƙaura, fatauci da auratayya ne suka gina garuruwa, ba jini ɗaya ba, kuma bai bar wannan hujja a aji ba, ya kai ta fagen siyasar jam'iyyar PRP da jaridu.

Ƙasar Gusau kanta shaida ce. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa garin a zamanin jihadi, kuma har yau sarautar ita ce Sarkin Katsinan Gusau, don yankin ƙasar Katsina ne a da. Sarkin Tsafe ana kiransa 'Yandoto, sunan tsohon garin malamai da Muhammadu Bello ya ci da yaƙi. Na Bunguɗu Sarkin Fulani ne, ga kuma Kwatarkwashi da Maguzawanta na gindin dutse. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, sai Yarabawa da Ibo suka cika Sabon Gari, jikokinsu ba su san wani gida ba. Tambayar falsafar ke nan: a wace shekara za a tsayar da agogon tarihi a ce wanda ya zo kafinta mai gida ne, na bayanta baƙo? Jihar Zamfara da garuruwan nan ke cikinta ma sai 1996 aka ƙirƙiro ta.

Musulunci bai ɗora haƙƙi a kan riga zuwa ba. Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, kuma a fikihun Malikiyya wanda ya raya mataccen fili shi ke mallakarsa, da izinin shugaba idan filin na kusa da gari. Sai dai wannan ma bai kashe magana ba. A karkarar Magami ta ƙasar Gusau manomi na kafa hujja da gonar da kakansa ya sare, makiyayi kuma da burtali da mashayar da kakansa ya bi, alhali kiwo ba ya barin kunya ko shinge da alƙali zai gani.