Mai Yankan Makulli da Amanar Jama'a

Yau tambayarmu a kan wata ƙaramar sana'a ce da kowa ke bi ta gabanta a Kasuwar Jimeta: in mutum ya kawo ɗan makulli ya ce a yanka masa irinsa, aka yanka, ya je ya buɗe shagon da ba nasa ba, shin mai yankan yana da laifi?

Da yawa za su ce, "Ai shi aikinsa yanka, ina ruwansa?" To, bari mu duba. Galibin kwaɗunan da muke rufe shaguna da su suna bin tsarin da Ba'amurken nan Linus Yale ya yi wa rajista a 1861 da 1865: 'yan ƙusoshi ne a ciki, sai haƙoran makulli sun ɗaga kowanne daidai sannan ya juya. Duk wanda ya riƙe makullinka na minti biyar, in ya sami mai inji, ya mallaki ƙofarka. Shi ya sa kamfanoni irin su Abloy na ƙasar Finlan da Medeco na Amurka suka fito da makullan da ba a sayar da ƙarfen yankansu sai ga wakilansu, kuma ba a yanka sai an tabbatar da mai shi, galibi ta kati. Kun ga, su ma sun gane gyaran ƙarfe kaɗai bai isa ba, sai an tsare hannun mai yanka.

Gaskiya akwai neman riba a ciki, don rajistar ƙirƙira takan ba kamfani kariyar shekara 20, kuma talaka in ya ɓatar da irin wannan makulli zai sha jira da tsada. Amma tushen abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna: ba a sayar wa mutum makami in an san fitina zai yi da shi. A ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Usman ɗan Ɗalha mabuɗin Ka'aba, har yau yana hannun Banu Shaiba. Malaman tafsiri da dama sun danganta ayar amana, ta 58 a Suratun Nisa'i, da wannan lamari. Ashe mabuɗi amana ne tun asali.

Don haka muna ganin hukuncin yana bin sani. Wanda ya yanka wa magidancin da ya sani, ba shi da laifi ko da abu ya faru. Amma yaro ya zo da shatin makulli a jikin sabulu, ko baƙo yana gaggawa yana waige-waige, ka karɓi kuɗi ka kau da kai, wallahi kana da kaso a zunubin. Tambaya ɗaya ta isa: "Na wane gida ne? Kira maigidan mu ji." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Matar da aka rufe wa ɗaki ko ɗan haya da ya ɓatar da nasa, a nemi shaidar maƙwabci ko mai unguwa, a taimaka musu.

Mu ma masu shaguna da namu: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mu bar makullai a kan benci mu tafi masallaci.

Iyayenmu sun zo ƙasar Adamawa ne da fatauci, jarinsu mafi girma shi ne a ce Bahaushe ba ya cin amana. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan suna, amin.