Kafin a Tafi Yawon Arba'in

Ya kai ɗana, mai sabon jariri a gida, Allah ya raya. Na san ka yi ɗawainiyar suna, ka yanka rago, ka tara itacen wanka, kuma ba na shakkar ƙaunar da kake yi wa yaron nan. Saura abu guda da nake so ka ɗauka a wuyanka, kada ka bar wa mai jego ita kaɗai, wato kare shi daga tarin shiƙa.

Ciwon nan da sigar mura yake shigowa. Majina, atishawa, ɗan zazzaɓi, har mako ɗaya ko biyu kowa yana cewa sanyi ne. Daga nan sai tarin ya rikiɗe: yaro ya yi ta tari a jere babu sararin numfashi, idanu su yi jajur, jijiyoyin wuya su tashi, sannan ya ja iska da wata ƙara kamar carar zakara, sau da yawa ya amayar da duk abin da ya sha. Ya fi tsananta da dare, kuma yakan kai wata biyu ko fiye. Ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira Bordetella pertussis, tana bin iskar tari da atishawa. Babban mutum kan ɗauke ta yana ganin tari ne mai naci kawai, ya je gona, ya je kasuwa, ya dawo ya ɗauki jariri yana yi masa wasa, bai san abin da ya kawo ba. Shi kuwa jariri ɗan wata ɗaya ko biyu ba lalle ne ma ya yi wannan ƙara ba, sai dai a ga numfashinsa ya tsaya, leɓɓansa sun yi duhu, ya saki nono. Idan ka ga haka, ko tsakar dare ne, nemi abin hawa ka nufi babban asibitin Gamawa, in sun ce a wuce Azare kada ka tsaya shawara.

Allah cikin rahamarsa ya hore mana rigakafi. Tun 2012 ake yin allurar Penta a Najeriya, kyauta a asibitocin gwamnati, sau uku: a mako 6, da mako 10, da mako 14. Ka lissafa da kanka, mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in, daidai lokacin da za a goya yaro a shiga gida-gida, daga Gamawa zuwa Udubo, wannan ta karɓa, waccan ta karɓa. Don haka asibiti ya zama gidan farko da za a fara zuwa. Allura ɗaya kuma ba ta wadatarwa, a nan ne da yawa daga cikinmu ke sakaci: yaro ya yi zazzaɓi bayan ta farko, cinya ta ɗan kumbura, maigida ya ce ba za a sake ba. Zazzaɓin nan na kwana ɗaya ne ko biyu, ɗana, yana wucewa. Allurar nan ce kuma take kare yaro daga mashaƙo, wanda ya ɗauke yara da dama a Kano da Yobe da jiharmu ta Bauchi a 2023, akasarinsu ba a yi musu rigakafi ba.

Idan kuma tarin ya riga ya shigo gida, kada a kira wanzami a ce beli ne, yanka ba ya taɓa ƙwayar, sai ƙarin zubar jini ga yaron da ya riga ya galabaita. Maganin tari na kyamis ba ya tsayar da shi, zuma kuma ba a ba yaron da bai kai shekara ba. Likita na da maganin da ke kashe ƙwayar, bayan kwana 5 ana sha yaro ya daina yaɗa ta, kuma ya fi amfani in an fara da wuri. A raba mai tari da jariri, a nisanta jaririn da hayaƙin murhu, a ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai.

Neman kariya ba ya rage dogaro ga Allah. Yau da daddare ka ce a miƙo maka katin rigakafin yaron, ka duba ranar da aka rubuta, ka ware kuɗin mashin tun yanzu, in da hali ka raka su da kanka, har a cika ukun nan.